Me ya sa igiyar caja ke ɗaukar zafi? Labarin ya samo asali tun 1840

Ka taɓa saka wayarka a caji ka ji igiyar ta ɗau zafi, ko ka ga bakin soket ya yi baƙi ya narke? To wannan matsalar ta girmi wayar salula da sama da shekara 100.

A shekarar 1840, wani matashi ɗan Ingila mai suna James Prescott Joule, mutumin garin Salford kusa da Manchester, ya yi wani gwaji mai sauƙi. Ya nannaɗe siririyar waya ya tsoma ta cikin ruwa, ya jona ta da batir, sannan ya riƙa auna yadda ruwan ke ɗumama. Sai ya gano abu biyu. Na farko, duk wayar da ta fi yi wa wuta turjiya, wato siririya ko doguwa, ta fi yin zafi. Na biyu, idan ka ninka yawan wutar da ke bi ta cikin waya sau biyu, zafin sau huɗu zai ninka. Idan sau uku ne, zafin ya zama sau tara.

Da farko manyan masana ba su ɗauke shi da muhimmanci ba, har ƙungiyar Royal Society ta buga taƙaitaccen bayanin aikin kawai. Sai a 1841 cikakken bayanin ya fito a wata mujallar kimiyya. A 1842 kuma Emil Lenz ya gano daidai wannan a birnin St. Petersburg na Rasha.

Wannan ƙa'idar ta ba Thomas Edison wahala. A 1882 ya buɗe tashar wuta a titin Pearl da ke New York, tana ba da bolt 110. Da yake bolt ɗin kaɗan ne, dole wuta mai yawa ta bi ta waya, sai ta riƙa ɓacewa a hanya ta zama zafi. Duk da kaurin wayoyin jan ƙarfen da ya binne, wutar ba ta wuce kimanin mil ɗaya.

Kamfanin George Westinghouse ne ya bi wata hanyar, ta amfani da taransifoma. Idan ka ɗaga bolt sau goma, yawan wutar da ke gudana zai ragu sau goma, asarar zafi kuma ta ragu sau ɗari. Shi ya sa manyan layukan wutar Najeriya ke ɗaukar bolt 330,000, sai an zo kusa da unguwa a sauke shi.

Amma fa zafin ba duka ne asara ba. A 1906 Albert Marsh na Amurka ya yi rajistar wani haɗin ƙarfe mai jure zafi, irinsa ne ke cikin hita da dutsen guga. Shi ma fiyus aikinsa ke nan: ya narke ya yanke wuta kafin wayar gida ta kama.

Dabarar Westinghouse ce yau take cikin cajarka. Tsohuwar cajar USB bolt 5 take bayarwa, amma yawancin masu saurin caji kan ɗaga zuwa 9, wasu har 20, don kada igiya ta yi zafi. Igiyar Type-C ta yau da kullum amfiya 3 take ɗauka.

Saboda haka ka guji igiya mai araha da zaren cikinta bai fi gashi kauri ba. Kada ka haɗa hita da dutsen guga a ekstenshan ɗaya, kuma kada ka yi caji a ƙarƙashin filo. Idan igiya ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta, cire ta nan take, ka canja wata. Allah ya tsare mu daga gobara.