NMR mai fuska biyu: yadda ake gano siffar sinadarin da ke cikin ɓawon gawasa

A ƙasar Sakkwato an daɗe ana amfani da gawasa wajen magani, har da na sarar maciji. Sai dai kafin sassaƙen itace ya zama maganin da asibiti zai rubuta, wajibi ne a san ainihin sinadarin da ke aiki a cikinsa da yadda ƙwayoyin zarrarsa suka jeru. Wannan ne aikin na'urar NMR.

Ana narkar da sinadarin a cikin siririn bututu, a saka shi tsakiyar maganaɗisu mai ƙarfi, sannan a harba masa igiyoyin rediyo. Kowace ƙwayar haidurojin ko kabon takan amsa gwargwadon maƙwabtanta. A tsohuwar hanya, amsoshin suna fitowa a layi ɗaya, su cunkushe idan sinadarin babba ne. Hanya mai fuska biyu tana baza su kamar taswira. Gwajin COSY yana nuna haidurojin da ke maƙwabtaka da juna. HSQC yana haɗa kowane haidurojin da kabon ɗin da ke riƙe da shi, HMBC kuma yana hango alaƙar da ke taku biyu ko uku.

Jean Jeener na Beljiyam ne ya kawo dabarar a 1971. Richard Ernst na Suwizalan ya tabbatar da ita a aikace, ya karɓi kyautar Nobel a 1991.

Masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, suna cikin waɗanda suka bi wannan hanya wajen tantance sinadarai irin su stigmasterol da catechin daga ɓawon gawasa.

Tsadar na'urar ita ce babbar matsala. Maganaɗisunta yana buƙatar ruwan hiliyum mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili, na'urar kuma tana buƙatar lantarkin da ba ya yankewa. Shi ya sa masu bincike da yawa a Najeriya ke aika samfurinsu ƙasashen waje, su biya da kuɗin waje, su jira. Don haka, duk lokacin da ake rabon kuɗin TETFund, ana yanke hukunci ne kan inda za a tantance tsirran Sakkwato: a gida ko a ƙetare.