Tajuj: Daga Bakin Makiyaya Zuwa Majigi

Jama'a masu sauraronmu, na ruga da na kasuwa, tun daga Gadarif har Galabat da Matamma. Ga abin da muka tattauna a filin tarihi na wannan mako, domin wanda ya bi dabbobi ko yana kan hanya da kaya bai samu ji ba.

Yanzu duk inda ka zauna shan jabana sai ka tarar da samari sun duƙufa kan waya ko talabijin, suna kallon musalsal na mutanen da: dawaki, takubba, manyan riguna, da soyayyar da ba ta ƙarewa lafiya. Da yawansu daga tsofaffin littattafai aka ɗauko su. A Ingila, alal misali, BBC ta ɗauki wani littafin soyayya da Jane Austen ta fitar a 1813, ta mai da shi wasa mai kashi shida a 1995. To, wani mai sauraro ya aiko yana tambaya, shin mu nan ba mu da irin wannan ne? Akwai mana, malam, kuma ba nisa.

A gabas da mu, bakin kogin Sitit, nan ne ƙasar Hamran. Makiyaya ne kuma mafarauta. Baturen nan Samuel Baker, da ya ratsa yankin a 1861, ya ba da labarin yadda suke farautar giwa da takobi a kan doki. A cikinsu ne aka yi Tajuj da Muhallak. Masu ba da labari sun ce Muhallak jarumi ne kuma mawaƙi, ya auri 'yar'uwarsa Tajuj, wadda kyanta ya zama abin misali. Wata rana ya roƙe ta abin da kunyar mutanensu ta hana, wai ta tuɓe ta yi tafiya a gabansa. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗin shi ma zai biya mata buƙata ɗaya. Da ta cika nata, sai ta ce ya sake ta. Alkawari kaya ne, ya saka. Daga nan bai ƙara moruwa ba, ya yi ta waƙe-waƙen begenta har ciwon so ya kashe shi. Ƙarshen Tajuj kuwa, kowane zaure da nasa. Wasu sun ce kashe ta aka yi don kada maza su ƙare a kanta.

Shekaru masu yawa labarin a baki yake yawo, daga mashekari zuwa mashekari. A 1948 Usman Muhammad Hashim ya rubuta shi littafi mai suna Tajuj, wanda ake lissafawa cikin ƙagaggun labarai na farko a Sudan. A ƙarshen shekarun 1970 kuma Jadalla Jubara ya mai da shi fim, mawaƙin nan Salah ibn al-Badiya yana cikin manyan 'yan wasan. Aka nuna bukkoki, raƙuma da sutura irin ta da.

To a nan ne maganar take. Labari idan yana baki, kowace tsohuwa da yadda take ƙare shi. Idan ya shiga littafi, marubuci ya zaɓi hanya ɗaya. Idan ya hau majigi kuwa, har fuskar mutum da ɗaurin mayafinsa an yanke. Yaron da ya kalla, shi ke nan, abin da ya gani shi ne tarihi a wurinsa. Don haka mai shirya irin wannan wasa amana ce a hannunsa. Ku makiyaya kun fi kowa sani: in aka ɗaura wa raƙumi sirdin da ba na ƙasar ba, ko aka sa mai tatsa ya zauna ba daidai ba, da kallo ɗaya za ku gane. Ɗan birni ba zai gane ba, jikanku ma watakila ba zai gane ba.

A ƙasar kakanninmu ma an bi wannan hanya. Gasar rubutu da aka yi a Zariya a 1933 ita ta haifar da littattafan Hausa na farko irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim. Ba soyayyar saurayi da budurwa ba ce, ƙaunar uwa ce da ta keta Sahara neman ɗanta da aka tafi da shi zamanin cinikin bayi. Duk fatake da suka san ƙishirwar hanya za su ji labarin nan a jikinsu. Gidan talabijin na NTA Kaduna kuma ya mai da Magana Jari Ce wasa. Daga baya littattafan soyayya na Kano suka bi sahu: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu duk sun zama fim a shekarun 1990.

Sai dai fim ma yana mutuwa in ba a kula ba. A 2008 aka rushe Studio Gad, ɗakin aikin Jadalla Jubara a Khartum, a shekarar kuma ya rasu. 'Yarsa Sara ce ta tsaya a kan fayafayensa har wata cibiya ta Berlin mai suna Arsenal ta taimaka aka kwafe su a kwamfuta. Abin mamaki, ita wannan cibiyar ce ta gyara Shaihu Umar bayan an gano shi a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta Nijeriya, aka sake nuna shi a Berlin a 2018. Kun ga, fina-finai biyu, ɗaya na gabas ɗaya na yamma, sai da suka je ƙasar Jamus kafin su tsira. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa ya nuna mana cewa ko abin da aka kulle a babban birni ba shi da tabbas.

Mu fa? Kakanninmu sun taso daga Kano, Sakkwato da Barno a ƙafa, kan hanyar hajji. Wasu sun biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna bakin Shuɗin Nilu. A wannan tafiya an yi aure, an rabu, an bar alkawari a baya. Ga labaran soyayya nan jibge a bakin tsofaffinmu. Da Hamran ba su riƙe Tajuj a baki ba, da Usman Hashim bai sami abin rubutawa ba, balle Jadalla ya ɗauka.

Saboda haka ga roƙonmu. Wayar da ake kallon musalsal da ita, tana ɗaukar murya. Ka zauna gaban kaka da daddare, ka nemi izininta, ka tambaye ta yadda aka nemi aurenta, me aka kai, wace saniya aka ba ta, wane zane ta ɗaura. Ka adana, in ta yarda ka aiko mana. Ranar da wani ɗanmu zai tashi yin fim ɗin mutanen da, ya tarar da gaskiya a ajiye, kada ya ara wa kakarsa kayan wasu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya tsare dukiya da hanya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.