Ranar da WannaCry ta kulle asibitocin Ingila

1/ Juma'a, 12 ga Mayu 2017. Ma'aikatan asibiti a Ingila suna cikin aiki sai ga jan allo a kwamfuta: an kulle fayilolinku, ku biya dala 300 ta Bitcoin. In kwana uku ya wuce, kuɗi ya ninka. Bayan mako guda, ku haƙura da su. Ku biyo ni ku sha labari. 🧵

2/ Sunan wannan muguwar manhaja WannaCry. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfuta sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. A tashoshin jirgin ƙasa na Jamus, allon da ke nuna lokacin tashi shi ma kuɗin fansa yake nema.

3/ A Ingila kuwa abin ya taɓa lafiyar mutane. An soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, wasu asibitocin suna juya motar ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri, likitoci suka koma biro da takarda.

4/ Abin tsoron shi ne ba sai ka danna komai ba. Akwai wata kafa a SMB, ɓangaren Windows da ke raba fayil da firinta tsakanin kwamfutoci. WannaCry tana ƙwanƙwasa ƙofa ne da kanta. Ta samu a buɗe ta shige, daga nan ta laluba maƙwabta.

5/ Wa ya fara gano kafar? Hukumar leƙen asirin Amurka, NSA. Ta yi shiru, ta ƙera makamin kutse mai suna EternalBlue. Wasu masu kutse, Shadow Brokers, suka watsa shi a intanet ranar 14 ga Afrilu 2017. Brad Smith na Microsoft ya kwatanta abin da a sace wa sojan Amurka makamai masu linzami.

6/ To ga inda ke ba ni takaici. Tun 14 ga Maris Microsoft ta fitar da facin da ke toshe kafar, kyauta. Kusan wata biyu kenan kafin harin! Kuma yawancin kwamfutocin da aka kama Windows 7 ne, waɗanda facinsu yana nan yana jira. Ba a dai sauke shi ba.

7/ Wanda ya taka mata birki ɗan shekara 22 ne, Marcus Hutchins, daga ɗakinsa a gidan iyayensa. Ya lura tana neman wani dogon adireshin intanet da ba mai shi, ya yi rajistarsa a kan dala 10.69. Ashe in adireshin ya amsa, tsayawa take yi. Shi kansa bai san haka ba lokacin da ya saya. (Wata uku bayan nan FBI ta kama shi kan wani tsohon laifi, amma wannan zare ne daban.)

8/ Duk wannan ɓarnar, abin da aka biya maharan kusan dala 140,000 ne. Asarar asibitocin Ingila kaɗai an ƙiyasta ta fam miliyan 92. Amurka da Birtaniya sun ɗora laifin kan Koriya ta Arewa.

9/ Mu fa? Nawa ne cikinmu suka kashe sabuntawa saboda tana cin data? Ko mai gyara ya sa maka Windows na bogi, ya ce kar ka bari ta yi afdet? Na san data da tsada, wallahi. Amma WannaCry ba ta zaɓi kowa ba, adireshi kawai take bi, ko asibiti ne ko laftop mai ɗauke da furojet ɗinka da hotunan biki.

10/ Windows 7 ta daina samun faci tun Janairu 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. Yau da daddare ka buɗe Windows Update ka duba ranar da taka ta sauke na ƙarshe, sannan ka kwafe muhimman fayiloli a filashin da ba ya kwana a jikin kwamfutar.