Unguwannin Gefen Kurmi: Yadda Baƙo Ya Zama Ɗan Gari a Tsohon Birnin Kano

Wanda ya bi lungunan da ke kewaye da Kasuwar Kurmi zai iske tarihin Kano a cikin sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa. Turawan nan ba na Ingila ba ne. Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, domin su aka fara kira da wannan suna tun kafin zuwan Nasara. Ita ma Alfindiki daga kalmar Larabci "funduƙ" ta samo suna, wato masaukin fatake.

An kafa Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), zamanin da Shehu Magili ya sauka a Kano ya bar zuriyar da ake danganta wa Unguwar Sharifai. A Madabo kuwa, malaman Wangarawa ne suka dasa karatun fiƙihu.

Abin lura shi ne hanyar da baƙo yake bi ya zama ɗan gari. Yakan sauka gidan fatoma, wanda zai tsaya masa a ciniki, ya kuma lamunce shi. Ya yi sallah a masallacin unguwa, ya sa ɗansa makarantar allo, wata rana a ba shi aure. Tun da Babarbare da Banufe da Bagadamashe duk mazhabar Malikiyya suke bi, hukuncin bashi da gado da aure ɗaya ne a gaban alƙali. Kafin jika ya girma harshen kaka ya ɓace, sai sunan unguwa ya rage. Sai dai wannan ƙofa Musulmi ɗa aka buɗe wa. Bayin da aka sayar a Kurmin ta wata hanya suka shigo, kuma masu yabon birnin sukan tsallake wannan babi.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan mulki suka keɓe Sabon Gari a wajen ganuwa domin 'yan Kudu, ƙarƙashin tsarin mulki dabam. Yarabawa Musulmi da yawa can suka sauka. Jikokin mutanen Ayagi, da suka zo a ƙarni na 19, yau Kanawa ne ba gardama, alhali jikokin 'yan'uwansu na Sabon Gari har yanzu ana tambayarsu garinsu na asali.