Ƙasar Arewa: asalinta, fitattun mutanenta da wuraren tarihinta

Arewa suna ne na wata tsohuwar ƙasar Hausa da ke gabashin jahar Dosso, a Jamhuriyar Nijar. A tsarin mulki na yau ta ƙunshi gundumomi biyu, Dogon Dutsi da Tibiri. Mutanenta su ne Arawa, waɗanda maƙwabtansu Zabarmawa ke kira Mawri, sunan da Turawan Faransa suka ɗauka suka sa a takardunsu. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba gundumar Dogon Dutsi mutum sama da 370,000, ta ba gundumar Tibiri kimanin 270,000.

Ƙasar ta miƙe ne daga Dogon Kiriya da Sukukutan a can sama, kusa da iyakar jahohin Tawa da Tillaberi, ta gangaro ta Matankari, Dan Kasari, Dogon Dutsi da Kiyeshe, har Kore Mai Ruwa, Dumega, Tibiri da Gesheme. Wannan Tibirin daban take da Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi. Ta gabas Arewa na iyaka da Najeriya, kuma akwai Arawa da yawa a ƙetaren iyakar, musamman a ƙaramar hukumar Arewa Dandi ta jahar Kabi, mai mazauni a Kangiwa.

Yanayin ƙasa

Ƙashin bayan Arewa shi ne Dallol Mawri, wani tsohon kwarin kogi da ya daɗe da ƙafewa. Ya ratsa ƙasar daga sama zuwa ƙasa, ya nufi wajen Gaya inda yake kaiwa ga kogin Kwara. A cikin kwarin ruwa yana kusa, rijiya ba ta nisa, shi ya sa manyan garuruwa suka jeru a bakinsa. A kan tudu kuwa, kamar wasu ƙauyukan Dogon Kiriya, sai an yi dogon haƙa kafin a taɓa ruwa. A 2004 aka sa ɓangaren kudu na Dallol Mawri cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Sana'ar yawancin jama'a noma ce: hatsi, dawa, wake da gyaɗa da damina, sai aikin garka da rani. Dogon Dutsi ta yi suna wajen noman dankalin Turawa, wanda ake lodawa zuwa kasuwannin Yamai. Fulani da Buzaye makiyaya suna zaune tare da manoma, kuma hanyoyin dabbobi masu hawa da gangarowa suna ratsa ƙasar.

Asali: Gubawa da Arawa

Tarihin farko na Arewa a baki yake, wajen tsofaffi da maroƙa. Bisa wannan tarihi, waɗanda suka fara zama su ne Gubawa, kuma su ake kira ƴan ƙasa. Ana cewa wata mace mai suna Ƴar Ƙasa ta taso daga Daura da mutanenta, suna bin wani dutse mai suna Tunguma, har suka tsaya a Lugu. Ita ce Sarauniya ta farko. Gari na biyu mai daraja wajen Gubawa shi ne Bagaji, mazaunin Baura.

Daga baya wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya iso ƙasar da mayaƙansa. Ya auri ɗiyar Baura, aka haifi Akazama, wanda ake ɗauka a matsayin Sarkin Arewa na farko. Masu ba da tarihi suna danganta sunan Arawa da na Arewa da sunan Ari, suna fassara su da “mutanen Ari” da “ƙasar Ari”.

Wannan aure shi ya kafa tsarin da aka daɗe ana bi. Jikokin Akazama suka riƙe sarauta, yaƙi da haraji. Gubawa suka riƙe ƙasa: tsafi, roƙon ruwa, buɗin daji, da hulɗa da iskokin da ake kira doguwa. Sarki bai isa ya taɓa hurumin ƴan ƙasa ba, domin a wajensu su kawunnansa ne. Shedar Arawa ta gado ita ce tsage biyu a kowane kunci, daga gefen baki zuwa kunne. Yanzu an daina yi wa yara, sai a fuskar dattawa ake ganinta. Wani reshe na Arawa ya yi ƙaura yamma, wajen Sokorbe a ƙasar Loga, ya koma magana da Zabarmanci amma ya riƙe sunan Mawri.

Zamanin jihadi da Samna Ƙarfe

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, ƙasashen yamma da Sakkwato suka faɗa rabon Gwandu. Arewa ta shiga ƙarƙashin matsin wannan daula, ko da yake yawancin jama'arta sun ci gaba da addininsu na gargajiya. A 1849 Yakubu Nabame na Kabi ya ɗaga tutar tawaye. Arawa, Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya.

A wannan yaƙi ne sunan Samna Ƙarfe na Tibiri ya fito. Shi ne babban jarumin Arawa na lokacin, abokin gwagwarmayar Dauda Bugaram da Isa Korombe na ƙasar Zabarma. Har yau Samna ita ce sarautar Tibiri. An ɗan sami lumana a wajen 1867, da sulhun da aka sani da Lafiyar Toga, wanda Sarkin Kabi Abdullahi Toga ya ƙulla da Sakkwato. Sulhun ya bar Kabi da ƙawayenta da ƴancinsu. A ƙarni na 19 fadar Sarkin Arewa tana Matankari.

Sarauniya Mangu da yaƙin Lugu

A farkon 1899 wata rundunar Faransa, ƙarƙashin kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine, ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi. Duk inda ta bi sai ƙona garuruwa, kwashe rumbuna da kama mutane don dako. Da ta iso Arewa a watan Afrilu, garuruwa da yawa suka watse ko suka miƙa wuya. Lugu ta ƙi.

Sarauniyar lokacin ita ce Mangu. Maharbanta suka tari rundunar da baka da kibiya, suna fakewa a cikin sarƙaƙiyar daji da duwatsun da ke kewaye da garin. Rahoton Faransawa da kansu ya nuna an kashe musu soja 4, an raunata 6, kuma sun ƙarar da harsashi kusan 7,000. Sun ƙone garin, amma ba su kama Sarauniya ba. Ita da jama'arta suka janye cikin daji, suka dawo bayan rundunar ta wuce.

Rundunar ta ci gaba gabas, ta yi mummunan kisa a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Labarin ta'asar ya kai Faransa, aka aiko kanar Klobb ya karɓe jagoranci. Ranar 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojin rundunar suka juya wa Chanoine da Voulet, suka kashe su a wajen Maijirgi. A Arewa mutane da yawa suna cewa asirin Sarauniya ne ya bi su.

Sunan Mangu ya fita duniya ne ta littafin Abdoulaye Mamani mai suna Sarraounia, wanda aka buga a 1980. Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986. An ɗauki fim ɗin a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Littafin ƙagaggen labari ne da aka gina kan tarihi. Ya nuna ta a matsayin jaruma mai jan daga da kanta, alhali a al'adar Lugu Sarauniya mai tsaron asirin ƙasa ce, tana zaune a keɓe cikin bukkarta, ba ta yawan fita. Yau akwai makarantar lise mai sunanta a Dosso da gidan rediyo da talabijin na Saraounia a Yamai, kuma hukumomin da suka hau mulki a 2023 sun ƙirƙiro lambar girma da sunanta.

Iyaka da mulkin mallaka

Lokacin yaƙin Lugu, a takarda Arewa tana rabon Ingila ne. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 14 ga Yuni 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, kuma Matankari na cikinta. Wannan ya hana Faransawa hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai suka nemi gyara. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka matsar da iyakar kudu, tawagar kyaftin Tilho ta kafa alamunta a ƙasa. Ta haka Arawa suka rabu gida biyu, wasu a Nijar wasu a Najeriya.

A 1906 Faransawa suka mai da mazaunin mulki daga Matankari zuwa Dogon Dutsi, fadar Sarkin Arewa ma ta bi. Kafin nan Dogon Dutsi ƙaramin gari ne a hannun Kona, sarautar da har yanzu take nan. An tsara ƙasar kanton uku: Arewa, Tibiri da Takassaba mai mazauni a Gesheme. Aikin dole da haraji sun haifar da turjiya. A tsakiyar shekarun 1920 wani sabon salon bori, wanda ake kira Hauka ko Babule, ya taso daga ƙasar Kurfai ya bazu cikin Arewa. Masu hawansa suna kwaikwayon sojoji da kumandan, suna ƙin biyayya ga sarakunan da Bature ya naɗa, hukuma kuma ta kama da yawa daga cikinsu. A 1947 ƴan mishan na Katolika suka buɗe cibiya a Dogon Dutsi, lakkol ɗinsu ta yaye da yawa daga cikin ma'aikatan farko na yankin.

Bayan ƴancin kai

Fitaccen ɗan Arewa a siyasar Nijar shi ne janar Ibrahim Bare Mainasara, wanda danginsa ƴan Dumega ne. An haife shi a 1949. Ya kifar da gwamnatin Mahaman Usman ranar 27 ga Janairu 1996, ya tsaya zaɓe a watan Yulin wannan shekara, aka bayyana shi ya ci, ƴan adawa suka ƙi amincewa da sakamakon. Jam'iyyarsa ita ce RDP-Jama'a, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a Arewa. Masu tsaron fadarsa suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999, kumandan Dauda Malam Wanke ya gaje shi. Kabarinsa yana Dumega.

Dokar 2002 ta kafa ƙananan hukumomi, aka yi zaɓensu na farko a 2004. Daga nan Dogon Kiriya, Matankari, Dan Kasari, Kiyeshe da Sukukutan kowace ta sami magajin gari. A 2011 aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai zaman kanta.

Wuraren tarihi

Lugu tana cikin ƙaramar hukumar Dan Kasari. Nan gidan Sarauniya yake, da dajin tsafi, da dutsen Tunguma. Tunguma dutsen shari'a ne: masu rikici kan sata, gona ko zargi sukan je a yi yanka a tambaye shi, masu kula da shi su fassara amsa. Idan Sarauniya ta rasu, ana zaɓen magajiyarta ta hanyar tarkama: a ɗauki gawar a kai, matar da gawar ta kai masu ɗaukar gare ta ita ce sabuwa. A 2006 Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Bagaji mazaunin Baura ne, shi ma ta tarkama ake zaɓensa. Matankari na riƙe da martabar tsohuwar fada. A Dogon Dutsi, wadda ke kan babbar hanya mai lamba 1, kimanin kilomita 270 daga Yamai, duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai ne suka kewaye garin ta gabas. Mafi shahara shi ne Tozon Bijini, wanda matafiyi ke hange tun daga nesa. Dogon Kiriya kuwa sunan itace ta ci. Kiriya itace ce mai tauri da gara ba ta ci, ana sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma suna son gawayinta.

Halin da ake ciki

Yau mafi yawan Arawa Musulmi ne, masu riƙe da al'adar ƴan ƙasa sun ragu sosai. Lugu, wadda a da babban gari ce, ta koma ƙaramin ƙauye saboda ƙaura da ƙarancin ruwa. Masana sun rubuta wani ɓangare na tarihin: Marc-Henri Piault ya buga Histoire Mawri a 1970, Adeline Masquelier ta yi nazarin borin Dogon Dutsi a littafinta na 2001. Waɗannan littattafai da Faransanci da Ingilishi suke, jikokin waɗanda suka ba da labarin kaɗan ne ke iya karanta su. Ga kuma matsalar tsaro da ta shigo yankin Dogon Kiriya da Sukukutan a ƴan shekarun nan, ta rage zirga-zirgar baƙi da masu bincike. Sauran tarihin, jerin sunayen Sarauniyoyi, kirarin Samna da labarin kafuwar kowane ƙauye, yana nan a bakin tsofaffi, kuma yawancinsa ba a rubuta shi da Hausa ba tukuna.