Ƙuduji

ƙuduji (suna, namiji). Ciyawar gona mai siririn ganye da fure ja-ja mai sirkin shunayya, wadda ke bayyana idan damina ta yi nisa. Wasu na kiranta wuta-wuta ko gaugai. Masana tsirrai kuwa *Striga hermonthica*. Kyawun furenta yaudara ne: tun tana ƙarƙashin ƙasa take manne wa saiwar dawa, gero ko masara, ta tsotse ruwa da abinci har shuka ta ƙanƙance. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, sukan daɗe shekaru a ƙasa ba su mutu ba. Ta fi addabar gonar da ta gaji.

Misali: *Ƙuduji ya cinye mini dawa bana.*

A tuge ta kafin ta zubar da iri.