Allah na nesa ko na kusa? Tambayar da ta raba zamani biyu a Arewa

Ɗan'uwa mai karatu, in ka ji an ce "azna", kila ka ɗauka mutane ne da ba su san Allah ba. Tarihin Arewa bai nuna haka ba. Kakanninmu na Lugu da Bagaji sun yarda akwai Mahalicci guda, kuma Allah suke ce mishi. Sai dai a ganinsu ya yi nisa ƙwarai: ya halicci duniya, ya bar lamuran yau da gobe hannun iskoki. Shi ya sa ruwan damana, haihuwa da waraka, wajen iskoki ake nema. Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji ke riƙe da amanar da ke tsakanin mutane da iskokin ƙasa, shari'a mai wuya kuma sai a kai ta gaban dutsen Tunguma.

Jihadin Shehu Usmanu na 1804 bai kawar da wannan tunani ba, don Arawa da yawa sun bi bayan Kabi wajen ja da Sakkwato. Ko a 1899, da Sarauniya Mangu ta tari sojojin Voulet, Lugu na nan kan al'adarta. Musulunci ya yi ƙarfi ne zamanin Faransawa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hanyar fatake da malamai.

To, mi malaman nan suka kawo? Ba labarin samuwar Allah ba ne, an riga an san shi. Sun koyar cewa wanda ya yi halitta shi ke ciyarwa, shi ke warkarwa, yana ji yana gani, ba ya buƙatar ɗan aike. Ka ga kenan gardamar a kan siffarsa take. Masu bori sun ji zafin canjin: littafin da Adeline Masquelier ta fitar a 2001 kan Dogon Dutsi, sunansa ma kukansu ne, wai salla ta ɓata komi.

Saboda haka kada ka zagi kakanninka, ka fahimce su. Amma ka tambayi kanka: ranar da yaro ya kwanta ciwo, ko jarabawar BAC ta matso, Allahn da ke zuciyarka na nesa ne ko na kusa?